Komawa daka, ɗibar ruwa da gona bayan aikin kansar nono: abin da ya kamata gida ya sani

Duk lokacin da muka yi shiri a kan kansar nono, wadda wasu ke kira ciwon daji ko sankarar mama, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Mace ta yarda an yi mata aiki, ta dawo gida da ɗinki a ƙirji, sai ta tarar turmi yana nan inda ta bar shi, rijiya ma ba ta matso ba. Yaushe za ta koma daka? Wa zai ɗebo ruwa? Damina ta ƙarato, gamanarta fa? Ƴan uwan da ke ci-rani a Kano, Abijan, Akara ko Aljeriya su ma suna bugo waya: me za mu aiko da shi wanda zai yi amfani?

Mun tattara amsoshin a nan domin a riƙa dawowa ana dubawa, a kuma karanta wa waɗanda ba su yi karatu ba. Gundarin maganar guda ce: hannun ɓangaren da aka yi aiki ana fara motsa shi da wuri, amma kaya mai nauyi ana jinkirta shi, sa'annan a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan. Kuskure biyu ne ke nakasa mata. Wata takan naɗe hannu a ƙirji wata biyu don tsoro, kafaɗa ta sandare. Wata kuma sati biyu da fitowa asibiti ta ɗauki taɓarya don kada a ce raguwa ce, ɗinki ya buɗe ko ruwa ya taru. Kwanakin da muka kawo a nan na yawancin mata ne. In likitan da ya yi aikin ya faɗi wani abu daban, maganarsa ce gaba da tamu, don shi ya ga cikin ciwon.

Wane irin aiki aka yi?

Aikin iri biyu ne. Akwai wanda ake cire ƙullutun da ɗan naman da ke kewaye da shi, a bar nonon. Akwai wanda ake cire nonon gaba ɗaya. A nan ƙasarmu na biyun ya fi yawa, saboda mata da dama ba su isa asibiti sai ciwon ya girma. Galibi kuma likita yakan shiga hammata ya cire ƙananan ƙwayoyin nan da in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito, don nan ne ciwon ke fara yaɗuwa.

Wannan aikin hammata shi ya fi shafar mai aikin ƙarfi. Akwai wani farin ruwa da ke yawo a jiki ta wasu ƙananan hanyoyi, daban da jini. Na hannu ta hammata yake bi ya koma cikin jiki. In an cire kaluluwa hanyar ta ƙuntata ke nan, kamar magudanar da aka toshe rabinta. Shi ya sa hannun ke buƙatar kula har tsawon rai. Amma naman ƙirji da ke ƙarƙashin nono, wanda ke aiki wajen daka da jan guga, yawanci ba a cire shi, don haka ƙarfin hannu yana dawowa.

Kafin a baro asibiti, mai jinya ya tambayi abu huɗu ya rubuta: an cire kaluluwa, da yawa ko kaɗan? Yaushe za a cire tiyo da zaren ɗinki? Akwai sauran magani, wato shimiyo ko gashi da na'ura? Wace rana ce randebu? A kuma bi sawun sakamakon naman da aka cire aka kai bincike, don shi ke nuna maganin da zai biyo baya. Duk takardun a haɗa su cikin leda guda, kada ruwa ko gara su taɓa su.

Sati biyu na farko

Yawancin mata kan tashi daga aiki da ƴar tiyo ɗaya ko biyu a gefen ƙirji, tana tsotse jini da ruwa zuwa cikin kwalba. Ana cire ta bayan ƴan kwanaki, wani lokaci sai sati ɗaya ko biyu, in ruwan ya ragu. Fatar kanta takan haɗe cikin sati biyu zuwa uku, amma naman ciki yana daɗewa fiye da haka. Kada ganin tabo ya bushe ya ruɗe mu.

A wannan lokaci ciwon yana son tsabta da bushewa. A riƙa zuwa wankin ciwo a ranakun da aka sa, ko a asibitin da aka yi aikin ko wajen majo a CSI mafi kusa. Kada a shafa toka, garin magani, man shanu ko wani ganye a kan ɗinki. Kada a gasa wurin da ruwan zafi ko tsumma mai zafi yadda ake yi wa mai jego: fatar wurin takan mutu, mace na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Akwai abubuwan da kan tsorata mutane alhali an saba ganinsu. Fatar hammata da ta cikin dantse takan yi dindiris, ko ta riƙa tsira kamar ana soka allura, saboda an taɓa ƙananan jijiyoyi. Hakan na raguwa a hankali, wani ɓangaren kuma ba ya dawowa duka. Ruwa kan taru ƙarƙashin tabo ya yi luhu-luhu bayan an cire tiyo. Wannan likita ne ke zuƙe shi da sirinji in ya dame ta. Ba aikin wanzami ba ne, kada a yi sakiya.

Kwanciya yini guda ba ta da amfani. Tun washegarin aiki a taimaka mata ta tashi ta taka, ta zagaya tsakar gida safe da yamma, tana ƙarawa. Tafiya tana hana jini daskarewa a ƙafa, tana kuma dawo da ƙarfi. In za ta kwanta a sa matashi ƙarƙashin hannun ya ɗan ɗaga. Maganin ciwo da aka rubuta a sha shi kan lokaci, don mai jin zafi ba ta iya motsa hannu.

Motsa hannu

Ana farawa tun kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, in likita bai hana ba. Sau uku a yini, kowane motsi sau biyar zuwa goma, a hankali. Jin ja ko ɗan tsami ba laifi, amma in zafi ya soke a tsaya.

A satin farko, ko har a cire tiyo, ba a ɗaga gwiwar hannu ta wuce kafaɗa. Abin da ake yi: dunƙule hannu da buɗewa, lanƙwasa gwiwar hannu da miƙewa, ɗaga kafaɗu zuwa kunne da saukewa, juya kafaɗu baya, da jan numfashi mai zurfi. Ta ci abinci da hannunta, ta wanke fuskarta, ta ja carbi.

Daga sati na biyu, in an cire tiyo kuma ciwon yana warkewa, sai a fara hawa. Ta tsaya gaban bango, ta ɗora yatsu, ta riƙa tafiya da su sama kamar gizo-gizo har inda ta ji ja, ta ƙirga goma, ta sauko. A sa alama da gawayi a bangon, kowane kwana biyu a ga ko ta wuce ta. Ta kwanta rigingine ta riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, mai lafiyar ya ja ɗan uwansa zuwa saman kai. Ta ɗora hannuwa a ƙeya ta buɗe gwiwoyi baya. Ta gwada taje kanta da ɗaura kallabi.

Abin da ake nema shi ne zuwa sati huɗu ko shida hannun ya miƙe sama daidai da ɗayan. Wannan ya zama dole ga wadda za a yi wa gashi da na'ura, domin a kan gadon na'urar sai ta ɗaga hannu saman kai ta riƙe shi haka. Wasu kan ji wani abu kamar igiya ya ɗaure daga hammata zuwa gwiwar hannu. Ba ciwon ne ya dawo ba, ƙananan hanyoyin ruwa ne suka taurare, kuma miƙewa a hankali na sakinsu. In wata ɗaya ya wuce hannu bai hau ba, a nemi likita ya tura ta wajen kine, wato ma'aikacin motsa gaɓoɓi, a babban asibiti.

Matakan ɗaukar kaya

Mu auna da abin da muka sani. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Buta cike ba ta wuce kilo biyu ba. Tiyar hatsi kamar kilo biyu da rabi ce. Bokiti na lita goma kilo goma ne. Jarka kuwa, wadda muke kira bido, kilo ashirin ce ko ashirin da biyar.

Sati biyu na farko: kada hannun ya ɗauki abin da ya wuce buta. Aikin zaune kawai, irin tsince wake, ɓare gyaɗa, gyaran ganye.

Sati na uku da na huɗu: tiya ɗaya ta hatsi, shara kaɗan, wanke kwanoni marasa nauyi, dama kunu, wankin ƙananan kaya. Har yanzu babu daka, babu guga, babu ɗaukar yaro da hannun.

Sati na biyar da na shida: in ciwon ya warke sarai, babu ruwa, kuma likita ya duba ya yarda, sai rabin bokiti, tankaɗe, shiƙa kaɗan, girkin ƙaramar tukunya.

Daga sati shida zuwa wata uku: nan ake shiga aikin ƙarfi, amma da ƙa'ida. A fara da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka saba, a yi shi kwana uku ko huɗu, a duba hannu. In bai kumbura ba, bai yi nauyi ba, ciwo bai kwana ba, a ƙara kaɗan. In ya nuna alama, a koma matakin baya na sati guda. Wadda ta yi hutu mai tsawo saboda rashin lafiya ko tafiya, ta sake farowa daga ƙasa.

A da likitoci kan ce wa mace kada ta sake ɗaukar kaya da hannun har abada. Wannan magana ta canza. A 2009 wani bincike da Dakta Kathryn Schmitz ta jagoranta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ya nuna cewa matan da ke da kumburin hannu bayan kansar nono, da suka riƙa ɗaga nauyi ana ƙara musu sannu a hankali, kumburin bai ƙaru ba, ƙarfinsu ya ƙaru, tashin ciwon ma ya ragu. Abin da ke cutar da hannu shi ne a ɗora masa babban kaya lokaci guda bayan ya daɗe bai yi aiki ba.

Aiki-aiki

Daka da surfe da sussuka su ne na ƙarshen dawowa, domin sun haɗa nauyi, ɗaga hannu sama da girgiza, sau ɗaruruwa a jere. Kafin wata uku a kai niƙa inji, ko wata ta karɓa. In za a fara, a nemi ƙaramar taɓarya, a fara da dakan yaji ko daddawa, minti biyar a huta.

Jan guga a rijiya mai zurfi kusan ɗaya yake da daka. Famfon da ake takawa da ƙafa ya fi sauƙi. Wahalar jarka ba ta tsaya ga tafiya da ita a kai ba, ɗagawa da saukewa su ne ke yaga tabo. A raba ta gida biyu ko uku, wani ya ɗora mata ya kuma sauke mata, ko a sa a amalanke. Haka dammin itace da na hatsi.

Gona: shuka da hannu mai lafiya tana yiwuwa da wuri. Noma da hauya ko kalme sai bayan wata uku, da sanyin safiya, a tashi kafin rana ta take. A watannin Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kuma zafi na ƙara kumburi. Masu noman rani, irin albasa a Galmi da Madawa ko zogale a gulbin Maraɗi, su kula da ban-ruwa: bokiti biyu ƙanana sun fi babba guda. Roron wake, cirar gyaɗa da yankan ciyawa suna kawo ƙaya da karce, don haka a sa riga mai dogon hannu da safar hannu.

Tuƙin tuwon gida mai yawa da matsar man gyaɗa a bar su sai wata na biyu ko na uku. Masu tuyar ƙosai, awara da waina su kiyaye fantsamar mai da zaman kusa da wuta.

Goyo: zanen goyo a kan tabo yake ɗaurewa. A jira sai wurin ya warke ya daina zafi, a sa wani ya ɗora mata yaron. Kafin nan ta zauna a miƙo mata shi a cinya.

Ƴan kasuwa kada su rataya jaka mai nauyi a kafaɗar ɓangaren. Wadda aka cire wa nono guda, in tabo ya warke, tana iya cusa auduga ko tsumma mai laushi a rigar nono don jiki ya daidaita. Yana rage karkacewa da ciwon baya, yana kuma sa ta shiga mutane hankali kwance.

Kumburin hannu

Cikin mata biyar da aka cire wa kaluluwar hammata da yawa, kusan ɗaya takan samu kumburin hannu. Ya fi fitowa cikin shekara biyu zuwa uku na farko, amma yana iya zuwa bayan haka. Gashi da na'ura a hammata, ƙiba da shigar ƙwayar cuta a hannu suna ƙara haɗarinsa.

Alamun farko ba su da hayaniya: zobe ko awarwaro ya matse, hannun riga ya ɗame, hannu ya yi nauyi da yamma. A ari mitar tela, a auna hannu biyun a wuri ɗaya, wato wuyan hannu, ƙasan gwiwar hannu da samanta, sau ɗaya a wata, a rubuta. In bambancin ya kai santimita biyu, a je asibiti. In an kama shi da wuri ana shawo kansa da naɗi na musamman, safar matsi, tausa irin ta ƙwararru da motsa jiki. In ya daɗe fata ta taurare, sai dai a rage shi.

Kariyar ita ce fata. A wanke hannu da sabulu, a shafa man kaɗe kada ya tsage. Duk yanka, ƙaya, ƙuna ko cizon ƙwaro, a wanke nan take, a rufe, a sa ido. A kwana cikin sange. Kada a yi tsaga ko ƙaho a hannun, kada a ɗaura laya ko zare da ya matse shi. Allura, ɗibar jini da awon hawan jini, in da hali a yi su a ɗaya hannun.

In akwai sauran magani

Aiki kashi ɗaya ne na maganin. Wadda ta tsaya a nan don ta ji sauƙi ta bar ƙofa buɗe ga ciwon.

Shimiyo ruwan magani ne da ake ƙarawa ta jijiya, galibi kowane sati uku, na tsawon wata uku zuwa shida. Wasu kafin aiki ake ba su don ƙullutun ya ragu. Yana kawo kasala, tashin zuciya da zubewar gashi, wanda ke sake tsirowa. Tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan kowane ƙari, ƙwayoyin jini masu kare jiki sukan ragu ƙwarai. A kwanakin nan a nisanci kwasar taki, sharar turke da cunkoso. In zazzaɓi ya kai digiri 38, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, a faɗa musu tana shan shimiyo. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a saya mata ƙwaya wajen mai tebur. Yawanci sati na uku ne jiki ke ɗan dawowa, sai a ajiye ayyuka zuwa lokacin.

Gashi da na'ura ana yin sa kwana biyar a sati, na sati uku zuwa biyar. Ba a jin zafi lokacin yi, amma fata takan yi duhu ta yi kamar ƙuna, gajiya kuma kan bi mace har makonni bayan an gama. A ci gaba da miƙe hannu watanni bayan haka, don naman wurin yakan ɗaure. Wadda aka yi wa gashi ba ta ɗauke da komai da zai cuci yara ko miji.

Wasu ana rubuta musu ƙwaya, irin tamoxifen, kullum guda, shekara biyar ko fiye. Ba ta hana aiki. Takan kawo jin zafi a jiki da gumi. Ba a ɗaukar ciki ko shayarwa ana shan ta, haka ma lokacin shimiyo, don haka a tattauna tazarar haihuwa da likita, miji yana wurin.

Alamun da ba a jira da su

A koma asibiti ba tare da jiran randebu ba in an ga: ɗinki ya buɗe, yana jini ko mugunya ko wari, wurin ya yi ja da zafi, ga zazzaɓi, hannu ya kumbura farat ɗaya, ya yi zafi, ƙafa guda ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, jini na zuba ta gaba ba na al'ada ba ga mai shan tamoxifen, sabon ƙullutu a tabo, hammata, wuya ko ɗaya nonon, ciwon ƙashi ko baya da ke hana barci, tari ko ciwon kai da ya ƙi tafiya.

Abinci da ibada

Nama ba ya rufuwa da kunu zalla. Tana buƙatar wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi ko nama gwargwadon hali, da zogale da sauran ganye, da ruwa mai tsabta da yawa. Babu abincin da aka hana ta don an yi mata aiki, sai in tana da wata cuta kamar ciwon suga. Duk wani sassaƙe ko jiƙo a faɗa wa likita kafin a sha, don wasu na karo da shimiyo ko su wahalar da hanta. Addini ya yi wa marar lafiya sauƙi a kan azumi da tsayuwar salla. A tambayi likita halin jikin, a tambayi malam hukuncin.

Aikin mutanen gida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun kafin a tafi asibiti a zauna a raba aiki da suna: wance daka, wane ruwa, wane itace, wance yara, na wata uku cur. In ba a faɗa ba, sati biyu kowa zai watse, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta roƙa ba. Maigida, kai ne za ka faɗa wa Inna da abokiyar zamanta cewa likita ne ya hana, don kada zaman ya zama abin gori. In ranar girkinta ta zo, a san yadda za a yi ba tare da ta rasa matsayinta ba. Gamanarta a yi mata gayya. Kansa ba ta yaɗuwa ta kwano, shimfiɗa ko zaman aure, ba dalilin ware mata ƙwarya. In kun ga ta daina magana, ba ta barci, tana yawan kuka, wannan ma a faɗa wa likita.

Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, da adashen unguwa, suna iya ba ta rance ko su sassauta mata zubi, ta koma ƙaramar sana'ar zaune kafin ƙarfi ya dawo.

Ku kuma da ke waje, abin da ya fi amfani shi ne kuɗi kaɗan da ke zuwa kowane wata ba fashi: na niƙa, na ga-ruwa, na ɗan ƙwadago a gona, na mota zuwa randebu. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kusan 900, kuma mai gashi sai ta zauna can makonni da mai jinya. Kuɗin mota da masauki na cikin abin da ke sa mata yanke magani. Ku riƙe ranakun randebu a wayarku, ku kira ku tuna. Kada ku aiko da maganin da aka tallata a WhatsApp ko Facebook.

Masu aikin albashi

Mai shara, mai girki, mai wanki ko lebura a ma'aikata ta karɓi takardar hutu daga likita ta kai wa mai aikin, ta riƙe kwafi. Dokar aiki ta 2012 ta tanadi a dakatar da kwantaragi saboda rashin lafiyar da likita ya tabbatar, har wata shida. Lokacin dawowa ta nemi likita ya rubuta abin da ba za ta ɗauka ba tukuna, ta roƙi a fara da rabin yini. In an samu saɓani, ofishin sufeton aiki na jiha ake zuwa.

Inda ake zuwa

Wankin ciwo da ƙananan matsaloli, CSI ko asibitin gunduma. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su tura cibiyar uwa da yaro ta jiha ko babban asibiti, kamar asibitin ƙasa na Damagaram, babban asibitin Maraɗi, ko Maternite Issaka Gazobi a Yamai. Gashi da na'ura a Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, CNLC, da ke Yamai ake yi, wadda ta fara wannan aiki a 2021 da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya; kafin nan sai an fita ƙasar waje. Tun 2007 gwamnati ta fitar da dokar kula da kansar mata kyauta a asibitocinta. Ku tambayi ofishin jin ƙai na asibitin abin da dokar ta ɗauke muku da abin da za ku saya da kanku, kafin ku sayar da akuya ko ku jinginar da gona.

Bayan an gama magani ana ci gaba da zuwa dubawa, da farko kowane wata uku zuwa shida, daga baya shekara-shekara. Ita kuma ta riƙa shafa tabon da ɗaya nonon sau ɗaya a wata. Ƴaƴanta mata da ƴan uwanta su ma su koyi duba kansu, duk wadda ta ji ƙullutu ta je a duba tun yana ƙarami. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.